Darasin lafiya: Jinyar mai ciwon daji a gida

Ƴan uwa maza da mata na Sarkin Yamma, darasinmu na yau a kan ciwon daji ne, wanda wasu ke ce wa sankara. Ga mata, ya fi kama nono da bakin mahaifa. Ba sammu ba ne. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci ƙwarya ɗaya. In an gano shi da wuri, ana iya warkewa.

Ina ake maganinsa?

Ana farawa daga gidan likita na kusa. Likita zai tura mutum asibitin Madarunfa ko Maraɗi. Wasu sai an kai su Yamai, cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji. A shekarar 2021 aka sa na'urar haske mai ƙone ciwon a can. Akwai kuma aikin fiɗa, da magani mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya.

Maganin jijiya ba sau ɗaya ake yinsa ba. Sau da yawa ana komawa bayan mako 3. Tsakanin nan majiyyaci yana gida, jinya tana hannunmu.

Abin da za mu gani

Maganin yana sa amai, kasala da miki a baki. Sumar kai tana iya zubewa. Kada mu tsorata, za ta sake tsirowa in an gama. Amma maganin yana rage ƙarfin jini na kare jiki daga cuta. Nan haɗarin yake.

Abin da za mu yi

1. Mu wanke hannu da sabulu kafin mu taɓa shi ko abincinsa.
2. Mu tafasa ruwan shansa da madarar da za a dama masa fura.
3. Mu ba shi abinci kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini: kunu, wake, dafaffen ƙwai, zogale, kifin tafkin Madarunfa.
4. Ya riƙa kurkure baki da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri, bayan ya huce.
5. Ya kwana cikin sange. Mai tari ko mura ya gaishe shi daga nesa.
6. In an yi masa haske, kada a goge alamar da aka zana a fatarsa. Kada a shafa komai a wurin sai da izinin likita.
7. Ban da sakiya, ban da ƙaho, ban da maganin ƴan talla.

Ranar da ba a jira

In jikinsa ya yi zafi har digiri 38, ko yana makyarkyata, ko jini na zuba, ko amai ya hana shi shan ruwa, a kai shi likita nan take, ko da tsakar dare ne. A tafi da takardunsa na asibiti. Kada a ce masassara ce, bari gari ya waye.

Wani in ya ji sauƙi sai ya daina komawa, ko kuɗin mota su gagara. Wanda ya katse magani ya ba ciwo hanyar dawowa. Dangi su taru tun da wuri su tanadi guzuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku da kuka iya karatu, ku rubuta ranar komawa, ku karanta wa mutanen gida.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.

Tambayoyi

1. Ana ɗaukar ciwon daji wurin cin abinci tare?
2. Waɗanne alamu ne ke sa a tafi likita nan take?
3. A garinmu, yaya za mu taimaki mai zuwa Yamai magani?