Darasin Mako: Ɗanyar Madara Ko Tafasasshiya?

 Darasinmu na wannan mako ya shafi abin da kusan kowannenmu ke sha, wato nonon da ake kawowa daga rugagen da ke kewaye da Rano da Kibiya.

Shanun yankinmu, galibi farfaru irin Bunaji, ciyawar daji suke ci da damina. Bayan girbi su shiga gonaki su ci kara da harawa, su bar wa manomi taki. A Turai da Amurka mutane na ƙara kuɗi don sayen madarar shanun da aka kiwata ba tare da sinadaran zamani ba. Mu kuwa kusan haka muka gada. To amma akwai tambayar da ake ta muhawara a kanta a can, kuma ta shafe mu: a sha madara ɗanya yadda aka tatso ta, ko sai an tafasa?

Masu son ɗanya suna cewa ta fi garɗi, kuma wuta na kashe amfaninta. Masana lafiya sun amsa cewa abin da zafi ke ragewa kaɗan ne daga wasu bitamin, amma sinadaran gina jiki da ƙarfafa ƙashi suna nan daram. Saboda haɗarin ɗanya, Sikotilan ta hana sayar da ɗanyar madarar shanu a 1983, Amurka kuma ta hana safararta tsakanin jihohi a 1987.

Mene ne haɗarin? Saniya na iya zama lafiya lau a ido, alhali tana ɗauke da cuta. Ta farko ita ce wadda makiyaya ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari. Idan ta kama mutum, takan zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Ta biyu ita ce tarin fuka na shanu. Akwai kuma ƙwayoyin gudawa da ke shiga daga hannun mai tatsa, ko ƙwarya marar tsabta, ko ruwan da aka sirka. Jarirai, masu juna biyu da tsofaffi su suka fi shan wahala.

Maganin ba sabo ba ne. A shekarun 1860 wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya nuna cewa zafi na kashe ƙwayoyin da ido ba ya gani. Kamfanoni a yau suna ɗumama madara a digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. A gida ba mu buƙatar ma'auni: a ɗora ta a wuta har ta tafasa, a sauke, a rufe.

Mu lura da hikimar iyayenmu mata Fulani. Kindirmo na gaske sai an tafasa madara, ta huce, sannan a zuba mata ɗan tsohon kindirmo ta kwana. Nonon da aka bar ɗanya ya yi tsami da kansa shi ne abin dubawa, domin tsami na rage ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ya kawar da su duka.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowa ya kai gida:

1. A wanke hannu da hantsa da ƙwarya kafin tatsa.
2. A tafasa madara kafin a sha ko a ba yaro.
3. Kada a sha nonon saniyar da ta yi ɓari ko ake yi wa allura, sai likitan dabbobi ya ba da izini.
4. In za mu sayi nono, mu tambayi mai tallan cikin ladabi: “Inna, an dafa kuwa?”

Ba muna cewa a guji fura da nono ba ne. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje da yawa, har da na wasu abokan ajinmu. Tafasawa ce za ta tsare lafiyar mai saye, ta kuma tsare wa mai sayarwa kasuwarta. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Tambayar mako: me ya sa ake jira tafasasshiyar madara ta huce kafin a zuba mata tsohon kindirmo? A miƙa amsa ga sakataren ƙungiya kafin ranar Juma'a.