Ƙuda Ma Yana Da Suna

A Unguwar Rogo, cikin Sakkwato, in an ga ƙuda sai a kore shi kawai. Amma ƙudaje iri-iri ne. Na gida yana kawo gudawa. Tsando kuwa cizo yake yi, ya sa wa shanu sammore, mutum kuma ciwon barci. Shi kansa tsando iri 11 ne a Nijeriya.

Saboda haka masana suke tara ƙudaje su ajiye. A Samaru ta Zariya akwai ɗakin ajiyar ƙwari na Jami'ar Ahmadu Bello. Akan soke ƙuda da siririyar allura, ya bushe, a jera cikin akwati mai murfin gilashi. Sai a maƙala masa 'yar takarda mai sunan garin da aka kama shi, da ranar, da wanda ya kama. In takardar nan ta ɓace, an yi wahalar banza. Akan sa kafur kuma, don wasu ƙwarin kan cinye matattun.

In baƙon ƙuda ya dami garke, malamin dabbobi yana iya aika shi wurin masanan. Su duba fikafikansa da madubi, su gwada da na akwati, a san ko wane ne kafin a sayi magani.