Abin da Ke Sa Mota Karkata a Kwana, da Maganinsa

 Edita ya nemi in rubuta darasi guda na kimiyya wanda kowa zai amfana da shi, ko da ba ajina ya ke ba. Na duba na ga ba abin da ya fi dacewa irin in ba ku labarin abin da ya same ni da motata bara, don ni da ke koyad da darasin, ni na fara karya dokarsa.

Da yawanku kun san tsohuwar motan nan tawa mai dogon baya. Da na saye ta na ga hanyar garinmu duk ramuka ce, cikinta sai gugar ƙasa ya ke yi. Sai na kai ta wurin wani bakanike na ce ya ɗaga mini ita. Ya yi mata ƙari a bisa sifirin, ta tashi kamar faɗin tafin hannu. Sa'an nan na sa aka ɗaura mata ragar ɗaukar kaya a kan rufi. Ran nan muna komowa daga Jos, ni da abokan aikina uku, da buhu huɗu na dankalin Turawa a bisa rufin, muka zo gangaren Hawan Kibo a hanyar Akwanga. Na shiga wata kwana da gudun da na saba tun ba a taɓa motar ba. Sai na ji ta kwanta gefe guda, kowa ya kama salati. Allah ya kiyaye, ta komo ta zauna. Da muka tsaya, direban da ke bin bayanmu ya ce mini, "Malam, ƙafarka ta baya sai da ta rabu da kwalta." Laifin ba na bakanike ba ne, abin da na sa shi ya yi. To, ga abin da ya kamata in tuna tun da fari.

A shekarar 1687 wani masani Bature, Isaac Newton, ya bayyana cewa duk abin da ke tafiya, miƙewa ya ke so ya yi, ba ya juyawa sai wani ƙarfi ya juya shi. Abin da ke juya mota shi ne riƙon da tayoyi ke yi wa hanya, watau a can ƙasa. Amma nauyin motar a sama ya ke, a wani wuri da mu ke kira cibiyar nauyi. Tayoyi na jan ƙasan mota zuwa cikin kwana, samanta kuwa na neman wucewa gaba. Shi ya sa jikinta ke karkata waje, sifirin na waje ya danne, na ciki ya saki.

Ga lissafi kaɗan. A ce kwana ce wadda in an cika ta da'ira, daga tsakiya zuwa baki mita 50 ne. Wanda ya shige ta da gudun kilomita 40 a awa, ƙarfin da tayoyinsa za su riƙe kamar rubu'in nauyin motar ne. Wanda ya shiga da 80 kuwa, ƙarfin ba biyu ya ke zama ba, huɗu ne, watau kamar nauyin motar duka. Tayoyin da mu ke hawa kullum ba su iya riƙe wannan.

Lissafi na biyu shi ne na kifewa. A auna faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba biyu, sa'an nan a raba abin da aka samu da tsawon cibiyar nauyi daga ƙasa. Misali, faɗi santimita 150, rabinsa 75, cibiya a santimita 55. Amsa ta kusa 1.4. Irin wannan mota tayoyinta kan zame tun ba ta kai ga kifewa ba. Da na ƙiyasta tawa a ran nan, da ɗagawar da aka yi mata da dankalin da ke bisa, cibiyarta ta kai wajen santimita 75, amsa ta sauko 1. Karkatar jikinta kuma ta ƙara rage abin da ya saura.

Amma a lura, karkata dabam, kifewa dabam. Akwai wata ƙaramar motar Faransa, Citroën 2CV, wadda ta fito a 1948. Sifirinta laushi gare shi ƙwarai, tana kwanciya a kwana har mai kallo ya tsorata, amma da wuya ta kife, don nauyinta a ƙasa ya ke. A 1997 kuwa, a ƙasar Suwidin, 'yan wata mujallar motoci sun gwada sabuwar Mercedes A-Class, suka kauce da ita farat ɗaya kamar mai kauce wa dabba a hanya, ta kife. Kamfanin ya tsai da sayar da ita, ya rage mata tsawo, ya ƙarfafa sifirinta, ya kuma sa mata na'urar da ke taka wa kowace ƙafa birki ita kaɗai in ta ji mota za ta ƙwace. In masu ƙera mota sun yi kuskure a wannan lissafi, ina ga ni da bakanikena?

Yanzu sai magani. Zan jera su bisa yadda ya kamata a bi su, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na farko, lodi. Kaya masu nauyi a ƙasa a ke sa su, tsakanin ƙafafun gaba da na baya in da hali. Rufi na katifa ne da tabarma. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Na biyu, tayoyi. A auna iska da safe tun taya ba ta yi zafi ba, a bi adadin da masu motar suka rubuta, galibi a jikin ƙofar direba. Taya mai ƙarancin iska lanƙwashewa ta ke yi a kwana. In biyu kaɗai za ka iya saye sababbi, sa su a baya, don zamewar baya ta fi wuyar kamawa.

Na uku, gorar man nan da ke kusa da sifirin, wadda kanikawa ke kira shok. Ba ta rage iyakar inda mota za ta karkata a doguwar kwana, aikinta ta hana karkatar zuwa da fizga, ta kuma hana mota yin ta lilo bayan an fita. In ka ga mai na tsiyaya a jikinta, ta mutu.

Na huɗu, sandar hana karkata, wadda su ke kira sitabilaiza. Ƙarfe ne da aka lanƙwasa bakinsa biyu, yana haɗa ƙafar hagu da ta dama. In ƙafafun biyu suka hau tudu tare, ba ya yin kome. In ɗaya ta danne ɗaya ta saki, sai ya murɗe, shi kuwa ba ya son murɗewa, sai ya riƙe jikin motar. Kafin a yi zancen sake shi, a duba robobin da ke riƙe da shi da 'yan ƙarafan da ke haɗa shi da ƙafa. Da aka leƙa ƙarƙashin tawa, an tarar ɗaya ya karye, sandar tana nan ba ta aikin kome. Mai son sa sanda mai kauri kuwa ya yi hattara. In aka tashi daga kaurin milimita 20 zuwa 24, taurinta ya ninka biyu. Kuma ba ta rage jimlar nauyin da ke komawa tayoyin waje, sai dai ta canza rabonsa tsakanin gaba da baya. In ta gaba ta cika tauri, mota ta riƙa ƙin shan kwana. In ta baya ce, gindin mota ya riƙa wutsiya, wannan kuwa ya fi haɗari. Kada garin neman gira a rasa ido.

Na biyar, tsawon mota. Rage shi na sauko da cibiyar nauyi, amma da sifirin da aka ƙera don haka a ke yi. Kada ka yarda a yanke maka sifirin da wuta. Ni dai cire ƙarin na sa aka yi, ta koma yadda aka ƙera ta, ina bin ramukan garinmu a hankali.

Na shida, direba. A rage gudu tun ba a shiga kwana ba, a gangara a sauko da giya, a juya sitiyari ba da fizga ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku ɗalibai da za ku fita gwajin koyarwa, ga yadda za ku nuna wa yara wannan ba tare da mota ba. Ku sami kwalin ashana guda biyu, ku manne ɗan dutse a cikin ƙasan ɗaya, ɗayan kuwa a samansa. Ku tsai da su a kan allo, ku tokare gindinsu da ɗan tsinke don kada su zame, sa'an nan ku riƙa ɗaga gefen allon sannu sannu. Ku bari yaran su faɗi wanda zai riga faɗuwa, da dalili. Kuma ran tafiya, in kun ga an tula akwatunanku a kan rufin mota har sun yi tsiri, ku yi wa direba magana cikin ladabi, a sauko da masu nauyin ciki.

Wanda ke son ganin sandar da idonsa ya same ni bayan la'asar a bakin ɗakin kimiyya, motar tana nan.