Darasi: Yadda Ake Neman Gurbin Bincike a Cibiyoyin Jami'a na Birnin Washinton

'Yan'uwa matasa, maza da mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata ƙofa ta neman ilimi wadda ɗaliban zango ba su cika ƙwanƙwasawa ba. Da yawa daga cikinmu sun san yadda ake neman karatu a Madina ko Azhar. Sun san takardar tazkiyya da fassarar shahada da zaman jiran fitowar sunaye. To akwai wani gurbi dabam, wanda Larabawa ke kira zamala, Turawa kuma su ce feloship. Za mu yi misali da yankin arewa maso yamma na birnin Washinton, babban birnin Amurka, saboda cibiyoyi irin waɗannan sun taru a can. Kuma za mu bi darasin yadda muka saba a aji: ma'ana, sharuɗɗa, farillai, sannan abubuwan da ke ɓatawa.

MA'ANARSA

Sikolashif shi ne a biya maka kuɗi ka zauna a aji a koyar da kai. Zamala kuwa baƙunci ce. Cibiya za ta karɓe ka wata biyu, ko zangon karatu ɗaya, ko shekara, ta ba ka tebur da izinin shiga ɗakin littattafanta da kuɗin guzuri, wani lokaci har da masauki. Babu darasi, babu jarrabawa. Abin da ake jira daga gare ka shi ne littafi ko maƙala, da kuma rana ɗaya da za ka tsaya gaban sauran masu bincike ka baje abin da ka gano su yi maka tambayoyi. Saboda haka tambayar alƙalan zaɓe guda ce: me wannan mutum zai gano wanda ba a sani ba, kuma don me sai a wurinmu?

CIBIYOYIN DA KE YANKIN

An raba Washinton gida huɗu, an ɗauki ginin Majalisar Dokoki a matsayin tsakiya. Arewa maso yamma shi ne kashi mafi girma. A nan fadar shugaban ƙasa take, da mafi yawan ofisoshin jakadanci, da babban masallacin titin Massachusetts da aka buɗe a 1957. Za mu ambaci wurare uku.

Na farko, Dumbarton Oaks a unguwar Georgetown. Gida ne da lambu wanda Robert Bliss da matarsa Mildred suka bai wa Jami'ar Harvard a 1940, kuma a cikinsa aka yi taron 1944 da ya zana tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Fannoninsa uku ne: daular Rumawa ta Ƙusɗanɗiniyya, al'ummun nahiyar Amurka kafin zuwan Turawa, da tarihin lambuna da shimfiɗar ƙasa. Yana ɗaukar masu digirin dakta, da waɗanda suka gama komai sai rubuta kundin dakta, kuma an saba rufe karɓar takardu ranar 1 ga Nuwamba. Kada mai Larabci ya ce ba ruwansa da Rumawa. Marigayi Irfan Shahid, wanda ya rasu a 2016, ya ƙarar da rayuwarsa yana rubuta mujalladai kan alaƙar Rumawa da Larabawa kafin Musulunci, kuma wannan gida ne ya buga su.

Na biyu, Jami'ar Georgetown, wadda aka kafa a 1789. Tana da cibiyar nazarin ƙasashen Larabawa na zamani tun 1975, da cibiyar fahimtar juna tsakanin Musulmi da Kirista wadda aka buɗe a 1993 ƙarƙashin John Esposito. A 2005 Yarima Alwalid bin Talal na Saudiyya ya ba wannan cibiya dala miliyan 20, aka sa mata sunansa.

Na uku, Jami'ar Howard, ta baƙar fatar Amurka, wadda aka kafa a 1867. A lura, Howard dabam, Harvard dabam. A cikinta akwai cibiyar Moorland-Spingarn, ɗaya daga manyan rumbunan tarihin baƙar fata a duniya, inda aka ajiye wasu takardun Kwame Nkrumah. A nan ne kuma Farfesa Sulayman Nyang, mutumin Gambiya, ya daɗe yana koyarwa kafin rasuwarsa a 2018.

Tanbihi: ba kowace cibiya ke ba da kuɗi ba. Wata za ta ba ka wasiƙar gayyata da tebur kawai, guzuri kuwa ka nemo a wani wuri. A nan ne shirin Fulbright, wanda gwamnatin Amurka ta kafa a 1946, yake shigowa, kuma ta ofishin jakadancinta ake nemansa.

ME ƊAN ZANGO YAKE DA SHI?

Wataƙila wani ya ce, ina ɗan Nima ko Aboabo ina waɗannan wurare? Mu duba wannan labari. A 1752 jirgin bayi ya sauke wani saurayi Bafulatani a tashar Annapolis. Ya yi shekara 44 cikin bauta, aka 'yanta shi a 1796, ya yi ta aikin ƙarfi har ya sayi fili a Georgetown a 1800. Turawa suna kiransa Yarrow Mamout. Mai zane Charles Willson Peale ya zana hotonsa a 1819, ya rasu a 1823. Da masu bincike na zamaninmu suka tono takardar filinsa, sai suka tarar ya sa hannu da haruffan Larabci, dole suka nemi wanda ya iya karatun irin wannan hannu kafin su san cewa sunan nasa Mahmudu ko Muhammadu Yaro ne. Wato a tsakiyar unguwar manyan jami'o'i, aiki ya tsaya sai da aka sami mai ilimin da yaranmu ke farawa da shi a kan allo.

Mu kuma irin waɗannan takardu a cikin adakokin kakanninmu suke. Ga Kitabu Gunja, tarihin ƙasar Gwanja da aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 18. Ga rubuce-rubucen Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da wasiƙu cikin Larabci da ajamin Hausa. A shekarun 1960 Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo sun bi gari gari suna tattara kwafin ɗaruruwan littattafai zuwa Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon. Abin da suka kai gare shi bai kai abin da ya saura a gidaje ba, kuma gara da ruwan damina ba sa jiran kowa. Baƙo zai yi shekaru yana koyon rubutun warash da Hausar tsofaffi, sannan ya nemi mai kai shi zaure. Kai ko an haife ka a zauren. Wannan shi ne jarinka.

SHARUƊƊA

Sharaɗi shi ne abin da dole ya tabbata kafin a shiga aiki. Na farko shi ne matakin karatu. Mu faɗa wa juna gaskiya: mafi yawan waɗannan gurabe na masu digirin dakta ne ko waɗanda ke dab da shi. Ɗalibinmu na sakandare ba bana zai nema ba. Amma da sauran rana ake neman abin da ya ɓata, kuma tsani daga ƙasa ake hawansa: digiri na farko, na biyu mai rubuta kundi, sannan na uku, a Legon ne ko Kumasi ko Jami'ar Bayero ta Kano.

Na biyu, Turanci na rubutu. Muna da 'yan'uwa da suka dawo daga ƙasashen Larabawa da Alfiyya a ka, amma shafi biyu na Turanci ya gagare su, kamar yadda muke da masu Turanci da ba sa iya karanta wasiƙar kakansu. Mai harshe ɗaya a wannan fage mai ƙafa ɗaya ne.

Na uku, abin nuni. Ko da maƙala ɗaya ce da aka buga a mujallar jami'a, tana shaida cewa kana iya gama abin da ka fara.

FARILLAI

Farilla ta ɗaya ita ce takardar manufar bincike, kuma ita ce zuciyar al'amarin. Yawanci shafi biyu ne ko uku, an ƙayyade yawan kalmomi. Ta amsa abu huɗu: mece ce tambayarka, da waɗanne takardu za ka amsa ta, su wa suka riga ka kuma ina suka tsaya, me za ka gama a watannin da aka ba ka.

Ga misali. Wani ya rubuta cewa zai binciki tarihin Musulunci a Afirka ta Yamma. Wannan ba tambaya ba ce, teku ce, kuma alƙali zai ajiye takardar tun a layin farko. Wani kuma ya rubuta: a 1957, shekarar samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga Kumasi zuwa Nijeriya, an rubuta labarin daga bakin jaridu da kotu, amma me mutanen zango da kansu suka rubuta cikin wasiƙunsu da waƙoƙinsu na ajami? Wannan tambaya ce mai kai da gindi, mai shekara da gari da takardu.

Farilla ta biyu ita ce dacewa da wurin. Mai tambayar nan, idan ya ce zai je Howard don takardun Nkrumah da ke can su ba shi labarin 1957, ya tona asirin kansa cewa bai duba fihirisa ba, domin mafi yawansu na zamansa ne a Konakiri bayan juyin mulkin 1966. Da ya duba, da ya ce zai yi amfani da tsofaffin jaridu da littattafan Howard, kuma ya riƙa zuwa rumbun takardun gwamnati da ke College Park, kusa da birnin, inda ake ajiye tsofaffin rahotannin jakadun Amurka. Fihirisoshin nan suna intanet kyauta. Karanta su kafin ka ɗora alƙalami.

Farilla ta uku ita ce wasiƙun shaida, sau da yawa guda uku. A nan ake yawan kuskure, domin mun saba da tazkiyyar liman ko sarkin zango mai cewa yaron kirki ne, ɗan mutunci. Wannan tana da wurinta, amma ba ita ake nema ba. Ana son malamin da ya karanta aikinka, wanda zai iya cewa babi kaza ya kawo sabon abu. Ka roƙe shi tun da sauran wata biyu, ka ba shi takardar manufarka, domin shi zai aika wasiƙar da kansa ba ta hannunka ba.

Farilla ta huɗu ita ce takardar tarihin karatu da aiki. Ka sa karatun zaure a ciki: littafin da ka sauke, wurin wane malami, da ijaza idan akwai. Kada ka ji kunyarsa, domin shi ne abin da sauran masu nema ba su da shi.

ABUBUWAN DA KE ƁATAWA

Ɗaya, makara. Idan an ce 1 ga Nuwamba, na'ura ce ke rufe ƙofa, ba ta san uzurin ɗauke wuta ba. Aika da sauran mako guda.

Biyu, satar rubutun wani, ko barin kwamfuta ta rubuta maka. Alƙalan nan su ne marubutan littattafan da za ka sata, kuma suna sanin takardar da babu mai ita a cikinta.

Uku, kukan talauci. Halin zango gaskiya ne, amma wannan takarda ba ta neman taimako ba ce. Ka zo da abin da za ka bayar.

Huɗu, takarda ɗaya ga cibiyoyi goma, ana canza suna kawai.

Biyar, 'yan konekshan. Duk wanda ya ce ka kawo sidi dubu kaza ya samo maka gurbi, ɓarawo ne; cibiya ba ta da dillali. Idan an ɗauke ka, ita za ta aiko da takardar DS-2019 wadda da ita ake neman bizar J-1 a ofishin jakadanci da ke Akra. A 2025 Amurka ta tsananta dokokin biza ga ƙasashen Afirka da dama, don haka a bincika hukuncin ƙasar da fasfo ɗinka ya fito kafin a yi nisa.

AMANA

Saura magana ɗaya. Takardun da za su buɗe maka wannan ƙofa ba naka ba ne, na gidajen da suka riƙe su ne shekara ɗari. Nemi izinin magada a fili, ka faɗa musu inda hoton zai je. Ɗauki hoto ka mayar da asali wurinsa. Abin da suka ce sirrin gida ne, kamar lissafin bashi ko rigimar gado, bar shi. Ambaci sunan gidan a cikin aikinka, kuma idan an buga ka kawo musu kwafi, ka zauna ka fassara musu. Wanda ya ci amanar gida ɗaya ya rufe ƙofar zango duka ga masu zuwa bayansa.

Kuma kada rashin samu a karon farko ya karya gwiwa. Masu nema sun ninka gurabe sau da yawa, kuma takardar da aka ƙi bana ita ake gyarawa a sake aikawa baɗi.

Aikin gida kafin fitowa ta gaba: kowa ya je wurin dattijon gidansu ya tambayi ko akwai tsohuwar takarda. Idan an nuna masa, ya rubuta a littafinsa sunan marubuci, da mai kwafi, da shekara idan an sa, da yawan waraƙa, da abin da take magana a kai cikin layi uku. Sannan ya rubuta tambaya ɗaya da takardar ta tayar masa. Masu sha'awa su kawo mu duba tare bayan karatun Asabar.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum.