DARASIN FIƘIHU: HUKUNCIN KASHE DABBA DOMIN KARE KAI

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, 'yan'uwa na Ɗan Issa da kewaye, damina ta kama. Lokaci ne da manomi kan yi kiciɓis da kububuwa cikin kunya, makiyayi ya gamu da mahaukacin kare. A shekarun 1990 har giwaye kan ratsa dajin Babban Rafi. To, yaushe ne kisa ya halatta?

Na farko: dabbobin da cutarwa ce ɗabi'arsu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya halatta kashe biyar ko a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya shigar da duk abin da ke far wa mutane, kamar zaki da damisa, cikin hukuncin karen nan.

Na biyu: dabba mai ubangiji, kamar sa ko raƙumin da ya taso wa mutum. A fara da kora, sannan duka. Idan babu kuɓuta sai da kisa, a kashe, kuma babu ramuwa a mazhabarmu ta Malikiyya. Hanafawa kuwa sun ce a biya. Sai dai mai kisan ya nemi shaidu, domin maganarsa kaɗai ba ta isa ba idan akwai mutane a wurin.

Na uku: dabbar da ta kama gabanta. Bin ta a kashe don nishaɗi zalunci ne. Kuma ko wadda aka halatta kashewa, ba a ƙona ta da wuta.

Haka nan dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07, ta 29 ga Afrilu 1998, ta ba wasu namun daji kariya, cikinsu har da giwa. Wanda larura ta sa ya kashe irinsu, ya sanar da ma'aikatan gandun daji nan take.

Wanda maciji ya sara kuwa, kada a yi masa tsaga, kada a ɗaure wurin tamau. A garzaya da shi asibiti. Cizon kare a wanke shi da ruwa da sabulu minti 15, sannan a je a karɓi allura, domin haukan kare idan ya bayyana a jiki ba ya jin magani. Tsare rai wajibi ne a kanmu.

Allah Shi ne mafi sani.