Yadda Za A Gane Gidan Jiyya Na Ƙwarai Ga Mai Ciwon Da Ya Gagari Magani

Akwai wata rana mai nauyi da takan zo wa iyalai da yawa a ƙasar nan, watau ranar da likita zai ja babban ɗa ko maigida gefe, ya ce masa ciwon ya yi nisa, tiyata ko gashi da na'ura ba za su ƙara wani amfani ba. Sau da yawa ciwon daji ne, wanda ake kira sankara. Wani lokaci kuwa ciwon ƙoda ne, ko na hanta, ko na zuciya. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauki maras lafiya a koma gida, a ce sai addu'a. Addu'a kam wajibi ce. Amma kuskure ne a zaci aikin likita ya ƙare daga nan, gama ciwon da ba ya warkewa ana iya sassauta zafinsa, kuma akwai ma'aikatan da suka koyi wannan aiki musamman. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a nuna wa jama'a yadda za su auna aikin irin waɗannan ma'aikata kafin su danƙa musu nasu, da kuma bayan sun danƙa.

Mene ne jiyyar sassauci?

Turawa suna kiran wurin da ake wannan aiki hosfis. A nan za mu kira shi gidan sassauci, aikin kuma jiyyar sassauci. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara aiki tana nas daga baya ta zama likita, ita ce ta buɗe na farko irin na zamani a birnin Landan cikin 1967. A 1993 Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Nijeriya, ta kafa irinsa a Kampala ta ƙasar Uganda, ta nuna cewa ƙasashen Afirka ma suna iya yinsa da kuɗi kaɗan. A nan gida, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe sashen wannan jiyya cikin 2007, a shekarar ne kuma aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa. Cikin 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kansa.

Kada kalmar "gida" ta ruɗe ka. A Nijeriya ba lalle ne ka ga gini na dabam da gadaje ba. Galibi wani sashe ne a cikin babban asibiti, ko kuwa ƙungiyar ma'aikata da ke bin marasa lafiya har ɗakunansu. Abin da za mu faɗa ya shafi dukansu.

A asibiti na kullum, ana auna aiki da yawan waɗanda aka sallama sun warke. Wannan ma'auni ba shi da amfani a nan. Ajali na Allah ne, ba wanda ya san ranar wani, kuma akwai waɗanda sukan yi watanni ko shekaru a hannun masu jiyyar sassauci. Abin aunawa shi ne yadda mutum yake kwana, yadda yake tashi, ko yana iya barci, ko yana iya ibadarsa, ko yana iya hira da jikokinsa. Saboda haka duk wurin da ya fara da yi maka alkawarin warkar da abin da manyan likitoci suka ce ya gagara, musamman in ya nemi kuɗi masu yawa a dunƙule, to, ka riƙe aljihunka, ka riƙe maras lafiyarka.

Tambaya ta farko: zafin ciwo

In lokacinka bai wuce na tambaya ɗaya ba, ka yi wannan: "Yaya kuke yi da zafin ciwo mai tsanani?" Amsar da za a ba ka za ta nuna maka rabin halin wurin.

Cikin 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wata hanya mai sauƙi wadda har yau ake koyar da ita. An kwatanta ta da tsani mai matakala 3. Ciwo mai sauƙi, a ba da irin su farasitamol. In ya ƙi, a hau mataki na biyu, inda ake da irin su kodin. In ya yi tsanani, sai mataki na uku, watau mofin. An kuma ce a riƙa ba da maganin ta baki muddin mutum yana iya haɗiya, sa'an nan a riƙa ba shi bisa agogo.

Maganar agogon nan ita ce inda wurare da yawa suke faɗuwa, don haka bari mu tsaya a kanta. Ruwan mofin na sha, aikinsa a jiki kamar awa 4 ne. Idan aka ba mutum da ƙarfe 6 na safe, wajen ƙarfe 10 ƙarfinsa ya ƙare. Wurin da ya san aikinsa zai ba shi na gaba da ƙarfe 10 ɗin, ko da yana zaune lafiya lau yana dariya, domin kada zafin ya sami hanyar dawowa. Wurin da bai san aikinsa ba kuwa zai jira sai mutum ya fara nishi, a je a nemo nas, nas ta nemo mabuɗi, a ba shi, ya ƙara jiran rabin awa kafin ya ji sauƙi. Mai irin wannan jiyya yakan sha azaba sau 5 ko 6 kowace rana, ga kuma fargabar dawowarta a tsakani. Don haka ka nemi a nuna maka takardar da ake rubuta lokutan ba da magani. In ka ga lokutan a jere daidai, dare da rana, da sa hannun wanda ya bayar, alama ce mai kyau. Ka tambaya kuma ko akwai ƙarin da aka tanada don zafin da kan taso ba zato tsakanin lokutan, kamar sa'ad da ake wanke gyambo.

Sa'an nan ka lura ko suna tambayar maras lafiya da kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akan ce masa ya nuna da yatsun hannu: dunƙulallen hannu ba ciwo ke nan, yatsu 5 kuwa ciwon da ba a iya jurewa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga mutanenmu, waɗanda aka rena da cewa raki abin kunya ne. Dattijo yana iya cije haƙori ya ce "da sauƙi" alhali bai runtsa ba kwana 3. Ma'aikacin kirki ba ya tsayawa a "da sauƙi", sai ya tambayi barci, ya dubi fuska, ya tambayi wanda ya kwana da shi.

Mun san mutane da yawa suna tsoron mofin. Ba a rasa dalili ba, gama kowa ya ga ɓarnar da shaye-shayen tiramol da ruwan kodin suka yi wa matasa, har Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi cikin 2018. Amma wanda yake sha don maye dabam, wanda likita ya auna masa don ciwon daji dabam. In an fara da kaɗan, ana ƙarawa sannu sannu gwargwadon zafin, mofin ba ya gaggauta mutuwa, kuma ba shi ne alamar an yanke ƙauna ba. Yakan kawo gyangyaɗi ko tashin zuciya a kwanakin farko, su wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida. Saboda haka wanda ya ba da mofin bai haɗa da maganin sassauta ciki ba, aikinsa bai cika ba. Wajibi ne kuma maganin ya zauna a kulle, da littafin lissafinsa, abin da ya saura bayan rasuwa a mayar musu.

Ɗaga mayafi ka duba

Gani ya kori ji. Fenti da fanka da allon ƙofa ba su jiyya. Jikin wanda ke kwance shi ne shaida. Mutumin da ba ya iya juyawa da kansa, in aka bar shi a gefe ɗaya, fatar da ƙashi ya danne takan mutu ta zama gyambo. Ana bukatar a riƙa juya shi kamar kowace awa 2. Ka duba tsatso, da kwankwaso, da diddige, da kafaɗu, da ƙeya. A baƙar fata farkon gyambon ba ya yin ja sosai, sai dai ka ga wurin ya fi kewayensa duhu, ko ka ji ya yi zafi ko tauri. Ka taɓa shimfiɗa ka ji ko a bushe take. Ka leƙa baki: in harshe ya bushe ya tsattsage, ko ya yi fari-fari kamar an shafa nono, ba a kula da shi. Bakin da ke ciwo shi ke hana mutum ko kurɓar koko.

Wari ma abin lura ne. Wasu gyambunan daji suna da ɗoyi wanda yakan kori 'yan dubiya, ya bar mutum shi kaɗai cikin kunya. Akwai maganinsa, kuma mai araha ne: ana niƙa ƙwayar Flagyl a barbaɗa bisa gyambon bayan an wanke. Ma'aikacin da ya ce maka "haka ciwon yake" bai koyi aikin ba.

Game da abinci, kada ka yi saurin zargi. In ciwo ya kai wani matsayi, jiki yakan daina neman abinci, ɗura kuwa tana iya sa shaƙewa. Abin da za ka duba shi ne ko ana ba shi ɗan abin da ransa ke so a lokacin da yake so, ana kuma jiƙa masa leɓe.

Magana da mutunci

Cicely Saunders ta koyar da cewa zafin mai irin wannan ciwo ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai tunanin bashi, da marayun da za a bari, da wanda aka ɓata da shi ba a shirya ba, da tsoron gamuwa da Ubangiji. Saboda haka ka duba ko akwai mai zama ya saurare shi, ko ana barin liman ko fasto ya shigo, ko ana taimakon wanda ke son alwala ko taimama, ko ana sa labule lokacin wanka, ko mace tana iya neman mace ta gyara ta.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi wa maras lafiya bayanin halin da yake ciki da harshen da yake ji. Bahaushen da ke zaune a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Ikko yana da ikon neman tafinta. Shawararmu, kada a mai da ƙaramin yaro tafintan irin wannan labari.

Nan akwai wuri mai wuya. Iyalai da yawa sukan roƙi likita ya ɓoye wa tsohonsu, don tausayi. Ma'aikatan kirki ba za su faɗa masa gatsau ba, ba kuma za su yi masa ƙarya ba in ya tambaya. Sukan bi shi a hankali, su ji iyakar abin da yake son sani. A ganinmu wannan ya fi, domin galibi mai ciwon ya riga ya gane, yana shiru ne don ya ga an yi shiru. Mutum kuwa yana da wasiyya, da amanar da zai mayar, da gafarar da zai nema.

Dare, da kuɗi, da takardu

Ciwo ya fi tsananta da dare. Ka tambaya wa za ka kira da ƙarfe 2 na dare, ka karɓi lambar, ka gwada ta tun bukata ba ta zo ba. In jiyyar gida ce, ka ji sau nawa za su riƙa zuwa, da kuma ko za su koya wa mai kwana da shi, wadda yawanci 'ya ce ko mata, yadda ake juyawa da wanke baki da auna magani. Ita ma tana gajiya; wurin kirki yakan tambayi lafiyarta. Ya kamata kuma su gaya wa iyali tun da wuri irin canjin numfashi da za a ji in lokaci ya ƙarato, don kada a firgita.

Kuɗi kuwa a rubuta maka su dalla-dalla, kowane biya da rasiti. Takardar haƙƙoƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar cikin 2018 ta tabbatar maka da wannan, da kuma ikon kai ƙara.

In wurin na masu zaman kansu ne, ka nemi ganin takardar rajistarsa daga Ma'aikatar Lafiya ta jihar ko hukumar da jihar ta ɗora wa wannan aiki. Likita yana da lasisi daga majalisar likitoci ta ƙasa, nas daga majalisar nas-nas da ungozoma. In ka ga abin da bai dace ba, ka fara da shugabar nas-nas ta sashen, ka faɗi rana da lokaci da abin da idonka ya gani. In ba a gyara ba, ka rubuta wa shugaban asibitin, ka ajiye kwafi, daga nan sai Ma'aikatar Lafiya ta jiha. Kana da ikon ɗauke maras lafiyarka zuwa wani wuri, amma kada ka fita sai an ba ka takardar bayanin ciwonsa, da sunayen magungunansa, da abin da zai ishe shi sha har ya isa hannun wani likita.