Rufin Dal a Garwa: Abin da Mai Gini Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Sa Shimfiɗar PVC

Duk shekara, da zarar ruwan Agusta ya kankama, wayata ba ta hutawa. Masu kiran kusan magana ɗaya suke yi: "Injiniya, rufi yana yoyo." Wani otal gare shi, wani jerin shaguna kusa da babbar kasuwa, wani kuma benen haya ne da mazauna hawan ƙarshe suka gaji da jera bokitai a tsakar ɗaki. Sana'ata ita ce hana ruwa ratsa rufin kankare, wanda a nan muke kira dal. Abin da nake tararwa a saman gine-ginen Yelwa, Pumpumre da Rumde Ajiya shi ya sa na ga ya wajaba in yi wa masu gini wannan bayani.

Mutane da yawa sun ɗauka in an zuba dal da siminti mai kyau, ko na Figil ne ko wanda aka hauro da shi daga kudu, magana ta ƙare. Kankare ƙarfi gare shi, amma yana shan ruwa. A Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40 a inuwa, saman dal kuwa ya fi haka nesa. Da rana ya buɗe, da dare ya tsuke. Ran da ruwan farko ya sauka a kansa yana da zafi, sai ya huce farat ɗaya ya yi 'yan tsage-tsage da ido ba ya gani sosai. Ta nan ruwa ke bi ya kai ga rodi. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa kankaren daga ciki. Tabon da kake gani a silin alama ce ta ƙarshe. Ɓarnar ta daɗe da farawa a inda ba ka gani.

Ruwan da ke sauka a Garwa a shekara ya kai kimanin milimita 1,000, kusan dukkansa daga Mayu zuwa Oktoba. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ke nan rufi mai murabba'in mita 300, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 15,000 ce ta sauka a kansa, nauyin tan 15. In bututun fitar ruwa ya toshe, duk wannan nauyi a kan ginin zai kwana.

Maginan soro na dā sun fi mu kula da wannan. Ba sa shimfiɗa rufi ba tare da ɗan gangare da indararo ba, suna shafe shi da makuba ko laso, kuma kowace shekara kafin damina sai an hau an duba. Mu da muka samu siminti sai muka yar da gangaren, muka yar da dubawar.

Shimfiɗar PVC roba ce mai laushi da ake yi musamman don rufi, da zare saƙe a tsakiyarta don kada ta yage. A Turai aka fara ta, a Jamus da Suwizalan, cikin shekarun 1960. Tana zuwa a naɗe, kaurinta daga milimita 1.2 zuwa 2. Ga ranar Garwa, ni ba na ba da shawarar wadda ba ta kai 1.5 ba. Ba a haɗa ta da gam, ba a kunna mata wutar gas. Ana ɗora bakin wata a kan wata, a hura iska mai zafin gaske a tsakaninsu da na'ura, a danne da ɗan gare, su narke su zama abu ɗaya. Fara ko mai ruwan toka tana mayar da hasken rana maimakon ta shanye shi kamar baƙar kwalta, don haka hawan ƙarshe yana rage zafi, na'urar sanyaya ɗaki ta rage wahala. Tana kuma jure maiƙo, abin da ke da amfani ga otal ko gidan abinci da hayaƙin kicin ke fita ta sama.

Sai dai a yi hattara: tamfol ɗin rufe kaya a mota da ledar shimfiɗa a ɗaki su ma ana ce musu PVC. Ba a yi su don zaman rana shekara da shekaru ba. Ka nemi a nuna maka takardar masana'anta da sunan da ke jikin naɗin.

Babbar ɓarnar da na fi gani ita ce ɗora PVC kai tsaye a kan tsohuwar kwalta. Yawancin dal ɗin garin nan an taɓa shafa musu kwalta ko an manna musu shimfiɗarta da wuta. Kwalta da PVC ba sa ga maciji. Akwai wani mai a jikin robar da ke sa ta laushi, kwalta kuwa tsotse shi take yi a hankali, har robar ta bushe, ta tsuke, ta fara tsagewa. An taɓa kira na wani bene mai hawa uku inda aka yi haka. Kaya mai kyau mai gidan ya saya, da tsada, amma wanda ya shimfiɗa bai sa komai a tsakani ba. Na lanƙwasa gefen robar da hannu, ta karye. Abin ya yi mini ciwo, domin abin da zai hana wannan asara ba shi da tsada: ko a kankare kwaltar, ko a fara shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri kamar bargo da ake yi don raba su. Haka ma in za a sa farin soson nan na tare zafi a ƙarƙashi, shi ma sai an raba shi da robar.

Ingancin aikin duka yana wurin haɗi. Robar da wuya ta yi yoyo a tsakiyarta. A bakin haɗi, a kusurwa da kewayen bututu ake samun matsala. Ƙurar hunturu kaɗan in ta kwanta a bakin, ba zai kama ba, sai an goge kowane layi kafin a haɗa. Na'urar kuma tana son tsayayyar wuta. Duk wanda ke zaune a Arewa ya san halin da wuta ke shiga in ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo, don haka mai aikin da ya san abin da yake yi da janaretonsa yake zuwa. In wuta ta yi ƙasa ana cikin tafiya, haɗin zai yi kyau a ido alhali ciki bai narke ba. Saitin zafin da ya yi daidai da hantsi ba shi zai yi da azahar ba, lokacin da robar ta ɗauki rana. Shi ya sa a wurina ba a fara aiki, safe da yamma, sai an haɗa ƙyalle biyu na gwaji, an bar su sun huce, an ja da ƙarfi. In bakin ya ɓare cikin sauƙi, saiti bai yi ba. In robar ce ta yage har zarenta ya fito, haɗin yana nan daram, to a ci gaba. Alhaji, ko ba ka san komai a harkar gini ba, wannan gwajin za ka iya tsayawa a yi shi a gabanka.

Iskar farkon damina, wadda ke ɗage kwano a unguwanni, ba ta ƙyale roba. Ta gefe da kusurwa take fara ɗagawa, don haka can ake ƙara yawan ƙusoshin ɗauri. A jikin katangar da ta kewaye rufin, robar ta hau aƙalla santimita 15, a danne bakinta da ƙarfe a toshe. Gangare kuwa a gyara shi tun kafin a shimfiɗa komai: santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa bakin bututu. Kada rufi ya dogara da mafita ɗaya. A huda ta biyu a jikin katanga, sama kaɗan da ta farko, yadda in ta ƙasa ta toshe ruwa zai zubo waje kowa ya gani.

Kafin ka biya cikon kuɗi, a toshe bututai, a tara ruwa na 'yan santimita a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu, a riƙa duba silin daga ƙasa. A rubuta yarjejeniya: sunan kayan, kaurinsa, shekarun garanti, da wanda zai zo in an samu matsala.

Bayan an miƙa aiki, hatsarin daga mutanen gida yake. Mai ɗaura dish ya zo da na'urar huda. Mai sola ya kafa ƙarafa. A jawo tankin ruwa a ƙasa, a yi walda tartsatsi na zuba, wani ya hau da kaskon gawayi. Na sha ganin rufin da babu abin da ya same shi sai ƙusa ɗaya. Ƙofar hawa sama ta kasance da makulli a hannun mutum ɗaya. Duk abin da za a ɗora a yi masa dandamali da shimfiɗar kariya, kuma a kira wanda ya yi rufin kafin a huda. In ma an samu huji, ana wanke wurin a narka faci a kai. Kada a bari wani ya toshe shi da kwalta.

A share rufin sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu don kwashe ƙurar hunturu, ganyen darbejiya da ledoji daga bakin bututu, sannan a sake dubawa a Oktoba. Wanda kuma yake da niyyar yin sabon aiki, lokacinsa daga Nuwamba zuwa Maris ne, sa'ad da dal ya bushe sarai. In aka rufe shi da danshi, ruwan a ciki zai zauna. Kayan yawanci ta tashar jiragen ruwa ta Duwala yake shigowa, ya biyo jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundare, sannan ya iso Garwa. Tafiyar tana cin makonni, don haka a ba da oda tun ana girbi.